Makullin Jar Tarakta

Ba a gona ta mutu ba.
Da a gona ne, da na ce ta faɗi a bakin aikinta.
A Sharaɗa ta ƙone, bayan garejin Gambo,
tana tsaye, inji a kashe,
makullinta a aljihuna tare da ɓarin goro.

Daren Laraba, bayan isha'i,
mai gadi ya ji ƙaurin roba,
ya ɗauka yara ne ke ƙona shara.
Kafin ya cika bokiti
wuta ta leƙo ta ƙarƙashin sitiyari,
ta lashe kujerar da Sallau ya yi wa matashi da buhun taki,
ta gangara tanki.
'Yan kwana-kwana sun zo, Allah ya saka musu,
wankan gawa suka yi wa ƙarfe.

Da safe Inuwa rewaya ya tsuguna cikin toka,
ya zaro wata waya tsirara, siririya kamar tsinken tsire.
Ya ce, "Ga ta nan.
Ko ɓera ya ci rigarta, ko zafi ya gasa ta,
ta jingina da ƙarfe.
Kai ka yi barci, batir bai yi ba."

Shekara huɗu ina biyan inshora,
ban san fuskarsu ba sai rasit.
Na hau benensu a Bompai,
sanyin ɗakin ya busar min da gumi.
Malama Ladidi ta yi min jaje, har da "Allah ya mayar da alheri",
sannan ta miƙo takarda:
rahoton 'yan sanda, shaidar kwana-kwana,
hoto ta gaba, hoto ta baya,
da lambar inji, wadda wuta ta karanta kafin kowa.
Ta ce in dawo Litinin.
Litinin ta haifi Litinin,
har mai sayar da kati a ƙofa ya soma tambayata iyali.

Ranar da mai kiyasin ɓarna ya zo
da farin takalmi ya shigo tokar.
Ya zagaya sau biyu, ya tsaya,
ya nuna sama da biro:
"Wannan fitilar, da ita ta zo daga kamfani?"

Gambo ya taka min ƙafa.

Na tuna daren Kadawa,
ruwa na bin mu, kwana na gudu,
Sallau na kaftu cikin duhu yana laluben kunya da ido.
Ni na saya masa fitilar a Ƙofar Ruwa,
ni na ce a ja mata waya kai tsaye, a bar zancen fis.
Harshena ya yi nauyi kamar garma a laka.
Na ce, "Ni na sa aka ɗaura."

Bai ce komai ba. Ya rubuta.

Shafi na tara, suka ce,
can ƙasa inda rubutu ke tafiya kamar jerin tururuwa.
Na sa hannu a kansa tun tuni,
da tabarau ɗina a gida.
Sulusi za su biya, albarkacin daɗewa.
Gambo ya ce gaskiyata ta fi fitilar tsada.

Gangar jikin an ɗora ta a sikeli,
kilo-kilo, kamar ba ta taɓa juya ƙasar Kura ba.
Sallau yanzu yana jan a-daidaita-sahu,
in mun haɗu a danja sai ya kau da kai, ni ma haka.

Jiya aka yi ruwan fari.
Waya ta yi ƙara, wani manomi ne daga Garun Malam:
"Alhaji, yaushe za a turo ta?"
Na sa hannu a aljihu neman goro,
makullin na taɓo.